Kafin ka ba da jingar yankan ciyawa a gonar gangare

Damina ta fara ja da baya, ciyawa ta kai ƙugu, a wasu wuraren ma gamba ta shanye tsawon mutum. Yanzu ne masu gonakin mangwaro da kashu a tuddan Kaltungo, Billiri, Tula da Dadiya suke cigiyar masu yanka ta kafin ta bushe wutar daji ta samu abin ci. Wannan dabara ce mai kyau. Abin da ke damuna a matsayina na malamin gona shi ne yadda ake ba da aikin.

Da yawa daga masu gonakin nan mazauna cikin garin Gombe ne. Sai a buga waya, a tura kuɗi, a ce “a gyara min gona,” shi ke nan. Bara wani dattijo ya kira ni in duba masa gonarsa da ke jikin wani tudu. Ɗan jingar da ya ɗauka ya ga yanka zai ci masa kwanaki, sai ya bi gangaren da feshin da ke kashe ciyawa har saiwa, da ta bushe ya cinna mata wuta. Tudu ya yi fes kamar an share tsakar gida. Da ruwan fari ya sauka, ƙasar sama ta bi shi zuwa rafi. Na tarar da saiwoyin mangwaro a waje kamar yatsun hannu, ga wani kwari da ya fara tsagewa wanda na zura ƙafa ya kai min gwiwa.

“Malam, ai ni gyara na biya a yi,” in ji shi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, an gyara, sai dai an wuce gona da iri.”

Saiwar ciyawa ita ke riƙe da ƙasar gangare. Duk wanda ya ga kwarurrukan da suka ci gidaje a cikin garin Gombe ya san abin da ruwa ke yi wa ƙasar da aka tuɓe. Don haka a gangare yanka ake yi, ba a tuge ciyawa da fartanya, ba a ƙona ta. A bar kututturenta kamar tsawon taƙi guda. Wadda aka yanka a jera ta a gicciye, layi-layi, ta tare gudun ruwa, ta ruɓe ta zama taki. In kana da dabbobi ka kwashi rabi. Amma a janye ta daga gindin bishiyoyi, a kuma share hanyar tare wuta a kewayen gonar. Inda aka ga jema ko gamba sun yi layi a bakin kwari, a rage musu tsawo kawai. Mutanen Tula ba don ado suka daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa a gonakinsu ba.

Wannan bayani ba ya yiwuwa ta waya. Ka je da ƙafarka, ku taka gonar tare da mai jingar daga ƙasa har sama, ka nuna masa iyaka, da dashen da ciyawa ta rufe, da ramuka. Sannan a yi ciniki a gaban shaida. Kada ka yi tsammanin biyan kuɗin yankan shimfiɗaɗɗen fili a aikin tudu. Wanda ya karɓa da arha fiye da kima, to da ashana a aljihunsa.

Ka tambaye shi da me zai yi aikin. Adda da lauje sun fi dacewa da wuri mai duwatsu. Injin yankan ciyawa da ake ratayawa a kafaɗa yana da sauri, amma yana cilla tsakuwa. Masu ƙera shi sun ce kowa ya nisance shi da mita 15, mai riƙe da shi kuma ya kare idonsa. Tarakta kuwa a yi hattara. Idan a kowane taku huɗu ƙasa na tashi kusan taku ɗaya, wato wajen digiri 15, wurin ya fi ƙarfin injin da ake hawa, domin kifewa yake yi ya danne direba. Masu yanka su fara daga ƙasa, su riƙa bin gangaren a gicciye, kada wani ya tsaya saitin ƙasan wani. Dutse ko adda in ta kuɓuce ƙasa take nufa. In an kwana ana ruwa a jira ciyawa ta sha iska, santsi ba ya sallama.

Sai maganar da ba a son yi lokacin ciniki: maciji. Ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Kububuwa ta fi son irin wuraren nan masu duwatsu, ga ta ƙarama, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Yawancin saran a ƙafa ne ko a hannu, amma sai ka ga yaro ya shiga ciyawa da silifas. Dogon takalmin roba da safar hannu su shiga cikin jingar, ko da kai za ka saya. Ku kuma yanke tun farko: in tsautsayi ya faɗa, wa zai kai mutum asibiti, wa zai biya? A ajiye babur da mai a bakin gona.

In an yi saran, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen mai baƙin dutse ko bin macijin. A cire zobe ko agogo kafin kumburi, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a nufi asibiti ko da ya ce bai jin komai. Aikin kububuwa yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana.

Kuɗi kuma ka ba da kafin alƙalami kawai. Ragowar sai ka sake hawa tudun da kanka, har can saman da ba a hangowa daga bakin hanya, ka ga kututturen ciyawa na nan a tsaye.