Ruwan Dam, Kachalla da Burtali: Yaya Ake Gano Abin da Jama'a Ke So a Dausayin Hadejia-Nguru?

Duk hukumar da ke kula da daji, tafki ko kogi takan ce tana aiki da ra'ayin jama'a. Wahalar tana wajen sanin wace jama'a ce, da kuma yadda aka tambaye ta. Dausayin Hadejia-Nguru, inda kogin Hadejia da na Jama'are ke bazuwa tsakanin Jigawa da Yobe kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wuri ne da ya dace a yi wannan bayani a kansa, domin ruwa ɗaya ne masunta, manoma, makiyaya da mutanen birni ke jira.

Me ya sa sai an tambayi mutane, alhali akwai injiniyoyi da masana?

Injiniya zai iya faɗin yawan ruwan da ke cikin dam, da kwanakin da zai ɗauka ya isa Hadejia in an sake shi. Abin da ba zai iya yankewa ba shi ne wa ya fi cancantar ruwan, mai tumatir a Kadawa ko mai shinkafar fadama a kusa da Nguru. Wannan zaɓi ne, kuma na masu cin abinci da ruwan ne.

An ga abin da rashin tambaya ke jawowa. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992, don noman rani da ruwan shan Kano. Da aka fara tare ruwan damina ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, ambaliyar da fadama ta dogara da ita ta ragu, sannan hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa. Nan kachalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu gindin zama. Ta toshe rassan kogi, ruwa ya karkata ta reshen Marma ya mamaye gonaki ta wajen Nguru, wasu rassan irin su Burum Gana suka rasa rabonsu, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu mafaka suna sauka a kan shinkafa da gero. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, suka lissafa kifi, itace, kiwo da noman da fadamar ke bayarwa, suka nuna cewa ruwan ya fi kawo amfani a can fiye da a manyan filayen noman rani na sama. Mutanen fadama sun san haka tuntuni. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Su wane ne "jama'a" a nan?

Nan mafi yawan bincike ke karkacewa tun bai fara ba. A ƙauye ɗaya za ka samu masunci mai son ambaliya ta yi faɗi ta daɗe, don kifi ya hayayyafa. Maƙwabcinsa mai shinkafa yana son ruwa ya zo a kan lokaci, kada ya yi zurfin da zai haɗiye shuka. Mai noman rani da injin ban-ruwa yana son kogi ya riƙa gudu har bazara, abin da kachalla ma ke so ke nan. Makiyayi yana jiran ruwa ya janye ya bar ɗanyar ciyawa, kuma abin da ya fi damunsa burtali da mashaya, waɗanda lambuna ke cinyewa. Ga mata masu yankan kaba suna saƙa tabarma, masu ƙyafe kifi, masu tara itace. Ga kuma mutanen Gashua da na ƙasa da ita, waɗanda yawancin ruwan da ke isa gare su daga kogin Jama'are yake fitowa, shi ya sa maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kan wannan kogin ke tayar musu da hankali duk lokacin da aka taso da ita.

Saboda haka aikin farko shi ne rubuta waɗannan rukunoni ɗaya bayan ɗaya, tare da lokacin da kowanne yake wurin. Binciken da aka yi a watan Agusta ba zai samu makiyaya masu zuwa cin rani ba. Wanda aka yi shi da Hausa kaɗai zai rasa tsofaffin matan da suka fi sakewa da Badanci, Barbarci ko Fulatanci.

Ba taro a ƙofar fadar hakimi ya isa ba?

Taron yana da amfaninsa, kuma ba a shiga gari sai ta hannun hakimi, dagaci ko bulama. Amma kowa ya san yadda yake gudana. Manya uku ko huɗu su yi magana, sauran su ce "haka ne, ranka ya daɗe." Matashi ba zai musa wa dattijo a bainar jama'a ba, mata sau da yawa ba sa wurin, Bafillacen da ke da rikicin gona da ɗan mai gari kuwa shiru zai yi. Abin da ake samu a nan matsayar shugabanni ce. A karɓe ta, a rubuta ta da sunanta, sannan a rabu gida-gida: masunta da sarkin ruwansu, makiyaya a ruga da arɗonsu, mata a cikin gida tare da mace mai tambaya. Mutum 8 zuwa 12 a kowane zama, kada ya wuce awa ɗaya da rabi, kada kuma malamin daji ko wani mai kaki ya zauna a gefe, domin babu wanda zai faɗi inda yake saran itace a gabansa.

To yaya ake tambayar, ta yadda amsa za ta yi amfani?

In ka ce wa mutum "kana son a cire kachalla?" zai ce e. "Kana son ruwan noman rani?" E. "Kana son kifi ya dawo?" E. Ka tashi da takarda cike da e, ba ka ƙaru da komai ba. Abin da mutum ya fi so yana fitowa ne sa'ad da dole ya bar wani abu don ya samu wani.

Hanya mafi sauƙi ita ce rabon wake. A zana abubuwa biyar ko shida a ƙasa, ko a ajiye alamarsu: ƙugiya a madadin kifi, zangarniyar shinkafa, ɗanyar ciyawa, ganyen kaba, guntun itace. A ba mutum ƙwayar wake 50 ya raba gwargwadon muhimmancin kowanne ga gidansa. A ce ya zuba 22 a kan shinkafa, 15 a kan kifi, ya watsa sauran, to ka samu jeri har da tazarar da ke tsakani. Sai a tambaye shi dalili, don dalilin ya fi lissafin daraja. Kowa ya yi nasa shi kaɗai, a kwashe waken kafin na gaba ya zo, in ba haka ba kwaikwayon na farko za a yi ta yi.

Hanyar da masana suka fi dogara da ita kuma ita ce katin zaɓi. Kowane kati yana ɗauke da tsari uku a jere, biyu sababbi, na ukun "a bar abin yadda yake." Ana bayyana kowane tsari da siffofi huɗu ko biyar, da hoto, ba da dogon rubutu ba. Misali: watannin da ruwa zai kwanta a fadama, ko an share hanyar ruwa ko ba a share ba, ko burtali a buɗe yake, da kwanakin aikin gayya da kowane gida zai bayar a shekara. Tsari na farko ya ba da ambaliyar wata uku da aikin gayya na kwana 10, na biyu wata biyu da kwana 4. Mutum ya zaɓa, a ba shi wani katin da aka sauya adadin. Kati 6 zuwa 8 sun isa, bayan haka gajiya ke amsawa. In aka tara zaɓin ɗaruruwan mutane, lissafi zai nuna kwana nawa na aiki manomi ya yarda ya bayar don ƙarin wata ɗaya na ruwa, da yadda nasa ya bambanta da na makiyayi.

A lura da dalilin sa kwanakin aiki a maimakon naira. A ƙauyen da kuɗi ke wuyar samu kafin kaka, tambayar "nawa za ka biya" tana auna aljihu ne, kuma tana sa a zaci sabon haraji ake shirin ɗorawa. Kwanan aiki ko mudun hatsi kowa ya san nauyinsa.

Mutum nawa za a tambaya?

In an zaɓe su ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin gidaje, kimanin 400 suna ba da sakamakon da kuskurensa bai wuce kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Amma wannan na jimla ne. In makiyaya 100 ne kawai a ciki, kuskuren abin da aka ce game da su ya kai kashi 10. Kuma da yake mutanen ƙauye ɗaya amsarsu kan yi kama, gara ƙauyuka 30 da gida 15 a kowanne da ƙauyuka 5 da gida 90. Kafin a fita, a gwada tambayoyin a kan mutum 20 zuwa 30. A nan ake gano cewa hoton da aka zana na burtali mutane hanyar mota suke ganinsa.

Mutane ba sa faɗin abin da suke zaton baƙo na son ji?

Suna yi, kuma ba don ƙarya ba. Kara ce, da kuma lissafi. Wanda ya ga farar mota mai tambarin ƙungiyar kare tsuntsaye zai yabi tsuntsaye, ko da jiya ya kwana yana korar jan-baki. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tallafi zai ƙara wa asararsa gishiri. Wani kuma zai ce zai yi aikin kwana 20, don ya san babu mai zuwa ya kira shi. Wannan matsala ba ta Arewa kaɗai ba ce. Bayan malalar man jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, gardama a kan amfani da irin waɗannan tambayoyi wajen kimanta ɓarnar ta kai gwamnatin Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin Kenneth Arrow da Robert Solow, wanda a 1993 ya ba da shawarar a riƙa tambaya baki da baki, a tsara ta kamar ƙuri'ar e ko a'a, a kuma tuna wa mai amsa cewa abin da zai bayar daga cikin abin hannunsa zai fita.

Maganin da ya fi shi ne a gwada magana da aiki. Mutum nawa suka fito ranar da aka yi gayyar yankan kachalla? Ina masunta ke kafa dumba, wato shingen tarkon kifi da ke tare ruwa, duk da an hana? Kudancin Nijar ya ba da darasi a nan. Shekaru da yawa ana ɗauka manoman Maradi da Damagaram ba sa son itace a gona, don suna sare duk tsiron da ya fito. Ashe doka ce ta mai da itacen na gwamnati, har mutum na iya shan tara a kan bishiyar gonarsa. Da aka sassauta, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sai sassabin zamani, wato barin tsiron itace a gona ana rainonsa, ya yaɗu tun daga shekarun 1980, gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5.

In ra'ayoyi suka ci karo, na wa za a bi?

Ba ƙidayar hannu ba ce. Manoma sun fi makiyaya yawa a kusan kowane gari, in aka bi rinjaye kawai, babu burtalin da zai tsira. Abin dubawa shi ne wa zai yi asarar da ba ta da madadi. Wanda za a rage wa riba daban, wanda za a raba da hanyar cin abincinsa daban. Akwai kuma iyakar da ra'ayi ba ya tsallakewa: ruwan da babu shi a dam ba za a raba shi ba, kuma tafkin Nguru da hanyar Marma suna cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare dausayoyi, tun 2000, wurin tsuntsaye na Dagona kuma yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi.

Sau da yawa bincike mai kyau yana nuna cewa rikicin na lokaci ne. Masunci da manomi na iya yarda da sakin ruwa mai yawa a ƙarshen damina, in an sanar da ranar da wuri. Mai lambu na iya barin hanyar mashaya in an kafa mata alama kowa ya shaida. Irin wannan daidaito ba ya bayyana sai an ware sakamakon kowane rukuni, shi ya sa rahoton da ya ce "kashi kaza na jama'a sun amince" ba tare da rabewa ba abin tuhuma ne.

Bayan an gama, sai me?

A koma a karanta wa mutane sakamakon da harshensu, a gaban waɗanda aka tambaya, kafin a buga rahoto. Za su gyara kurakurai, wani lokaci manya. A faɗa musu abin da za a yi, abin da ba za a yi ba da dalilinsa, da wanda ke da ikon yankewa, tunda sakin ruwan Tiga da Challawa yana hannun hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are ne, ba ƙaramar hukuma ba. In babban aiki ne kamar sabon dam, dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto don jama'a su yi tsokaci, kuma kwana 21 na aiki ake bayarwa. Sai dai rahoton kan zo da Turanci, a ajiye shi a ofis cikin gari, don haka ƙungiyar masunta ko ta manoma da ke son a ji ta sai ta nemi mai karanta mata shi, ta miƙa ƙorafinta a rubuce kafin wa'adin ya cika, ta kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A sake tambayar bayan shekara uku zuwa biyar, ko bayan babbar ambaliya ko fari, domin gidan da ruwa ya cinye wa gona bana ba zai raba wakensa yadda ya raba bara ba.