Waiwaye: Inda Labarin Barazana a Fim Ɗin Crumb Ya Samo Asali

Da wuya a tayar da zancen Crumb, fim ɗin da ya bibiyi rayuwar Robert Crumb, Ba'amurken nan mai zanen barkwanci, ba a jawo wani labari ba. Wai daraktan, Terry Zwigoff, ya yi wa Crumb barazanar zai kashe kansa idan bai yarda a yi fim ɗin ba. Wasu na kafa hujja da wannan su ce tilas aka yi wa mutumin da danginsa, wasu kuma su ce ƙanzon kurege ne. Sabon littafin tarihin Crumb da ya fito a 2025 ya sake jawo hankali ga fim ɗin, amma wannan gardama ta kai shekara talatin ana yin ta.

An haifi Crumb a Philadelphia a 1943, ya yi suna a San Francisco da mujallar Zap a 1968. Shi da Zwigoff abokai ne tun kafin maganar fim ta taso, son tsofaffin faya-fayan garmaho ya haɗa su, har sun yi kiɗa a ƙungiya ɗaya. Aikin ya ci shekara tara. An fara nuna shi a 1994, ya lashe babbar kyautar ajinsa a bikin fina-finai na Sundance a 1995.

Wurin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da Zwigoff ya faɗa da bakinsa game da waɗannan shekaru. Ya ce abin da ke shigo masa bai wuce kimanin dala 200 a wata ba, ga ciwon baya mai tsanani, har ya yi shekara uku da bindiga ɗure da harsashi a kan matashin kai kusa da shi, yana tunanin kashe kansa. Kukan ciwo da talauci ne mutumin ya yi. Sannan gaskiya ne da farko Crumb bai so a yi fim a kansa ba. Abu biyu ne daban, kowanne gaskiya. Wajen yaɗawa daga baki zuwa jarida, daga jarida zuwa intanet, sai aka ɗinke su wuri guda, bindigar da ke ɗakin mara lafiya ta koma makamin tursasa aboki.

Dalilin da ya sa labarin ya zauna daram, a ganina, yana cikin fim ɗin kansa. Mai kallo ya ga Charles, wan Crumb, a gidan mahaifiyarsu, ba ya fita, yana kan magani, littattafai jibge kewaye da shi. Ya ga ƙaninsu Maxon yana zama a kan allon ƙusoshi. A ƙarshe aka rubuta cewa Charles ya kashe kansa. Wanda ya tashi daga wannan kallo, duk abin da aka ce masa game da bayan fage zai karɓa ba tambaya. Kaɗan ne ke lura cewa 'yan'uwansu mata biyu sun ƙi a yi hira da su, kuma ba a gan su a fim ɗin ba, wato ƙofar cewa a'a a buɗe take.

An warware maganar bayan shekaru, a sharhin murya da aka haɗa da faifan DVD na fim ɗin, cewa ba a yi wannan barazana ba. To amma mutum nawa ne ke kunna irin wannan sharhi? Labarin farko kuwa yana nan a rubuce, ana ta kwafa.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da wannan labari ya danne: shin ya dace a nuna wa duniya Charles a halin da yake ciki? Shi dai ya rasu kafin fim ɗin ya fito, kuma barazanar da ba a yi ba ta fi wannan tambaya samun masu tattaunawa.