Kuɗin haya a Samaru: a bar wa kasuwa ko hukuma ta sa baki?

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, zancen da ke bakin ɗalibai da iyayensu ɗaya ne: ɗakin da aka kama bara ya ƙara kuɗi, ga la'adar dillali, ga kuɗin keke. Wasu na cewa gwamnati ta yanke farashi kowa ya huta, wasu kuma na cewa mai kaya shi ke da ikon kayansa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a wannan muhawara.

Me ya bambanta garin jami'a da sauran garuruwa?

Masu saye ne suke zuwa a lokaci guda, kuma ba su da zaɓin komawa wani gari. Tun da aka kafa jami'ar a 1962, Samaru da unguwannin da ke kewaye da ita, irin su Hayin Dogo da Zango da Palladan, da ɗalibi suke numfashi. Ɗakunan kwana na cikin makaranta, su Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo, ba sa ɗaukar kowa. Wanda bai samu gado ba dole ya fita waje, kuma dole ya samu wuri cikin 'yan makonni, kafin lakca ta kankama. Mai gida ya san haka, dillali ma ya sani.

Amma a tuna da ɗaya ɓangaren. A 2022, da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tafi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, mai abinci da mai fotokofi da ɗan acaɓa sun yi wata takwas babu ciniki. Wanda ya zuba jarinsa a garin jami'a yana ɗauke da wannan kasadar, kuma tana cikin farashin da yake sawa.

Me zai hana hukuma ta ƙayyade kuɗin haya kawai?

Saboda doka tana iya sauke farashi a takarda, amma ba ta gina ɗaki ko ɗaya. Idan ɗalibai goma ke neman ɗaki shida, huɗu za su rasa ko nawa aka rubuta. Abin da ke canzawa shi ne yadda ake zaɓar shidan: maimakon kuɗi a fili, sai sanayya da kuɗi a ɓoye.

An gwada abin a Amurka. Birnin Cambridge na jihar Massachusetts, inda jami'o'in Harvard da MIT suke, ya ƙayyade haya tun daga 1970, har zuwa 1994 da mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'ar soke tsarin. Bayan sokewar, masu gidaje sun koma gyara da gini, amma haya ta tashi, masu ƙaramin ƙarfi da dama suka bar unguwanninsu. A San Francisco kuma, masana tattalin arziki sun gano cewa bayan faɗaɗa dokar a 1994, masu gidajen da ta shafa sun rage gidajen da suke bayarwa haya da kusan kashi 15 cikin ɗari. Wanda ke cikin gida ya amfana, wanda ke nema ya sha wuya. Ɗalibi kuwa kullum sabon mai nema ne, shi ya sa irin wannan doka ta fi cizon sa.

Akwai misali a nan gida?

Akwai, a cikin makaranta ma. A jami'o'in tarayya da yawa kuɗin gado a ɗakin kwana bai kai na waje ko kusa ba, domin hukuma ce ta sa shi. Sakamakon kowa ya san shi: wanda ya yi sa'ar samu ya sayar wa wanda ya rasa a kan ninkin kuɗin, ɗakin mutum huɗu ya koma na takwas, katifu a ƙasa, bokitai a bakin famfo tun asuba. Sauƙin da aka yi nufin talaka da shi ya faɗa aljihun wanda ya riga shiga layi. Waɗanda suka ga layin sayen madara da sabulu a 1984 sun san wannan labarin tun kafin a haifi ɗaliban yau.

To ke nan a sakar wa kasuwa mara?

A'a, kuma a nan ne masu cewa "kasuwa za ta daidaita kanta" suke yin kuskure mai tsada. Kasuwa tana aiki ne inda mai saye ke ganin abin da yake saye, kuma yana iya juya baya. Yarinyar da ta zo daga Gombe ko Jalingo ba za ta gane cewa wayar lantarkin gidan ta ruɓe ba, ko rijiyar tana dab da masai. Ta biya kuɗin shekara, ba rasit, ba yarjejeniya a rubuce. Wata uku a ciki rufi ya fara yoyo, mai gida ya daina ɗaga waya. Ina za ta je da ƙorafinta, ga jarrabawa a gaba? Wannan ba gasa ba ce, cin zali ne, kuma ba ya gyaruwa sai da hukuma.

Haka batun magani yake. Ɗalibi ba shi da hanyar bambance maganin zazzaɓi na gaske da jabu a kemis, don haka aikin hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC a nan ba katsalandan ba ne.

Abinci da sufuri fa?

Abinci shi ne inda gasa ta fi yin aikinta. Masu tuwo da shinkafa da masu shayi suna jere, wadda ta rage malmala ko ta tsuga kuɗi gobe za ta ga bencinta wayam. Abin da ake bukata daga hukuma shi ne duba tsafta. A da jami'a ce ke ciyar da ɗalibai da rangwame, kuma ƙarin kobo 50 a kuɗin abinci na cikin abin da ya tayar da zanga-zangar "Ali Must Go" a 1978, wadda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya.

Sufuri kuwa yana bin man fetur. Tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayu 2023, duk wanda ya tilasta wa mai keke tsohon farashi ya kore shi ne daga hanyar. Abin lura shi ne sau da yawa ƙungiyar direbobi ce ke yanke farashi a tasha, ta hana wani ya sauke, kuma wannan ma tauye kasuwa ne.

Me Musulunci ya ce?

Ya zo a hadisin Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi (SAW) ya yanke musu farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne Mai sanya farashi. Amma shi ɗin dai ya haramta ɓoye kaya don su yi tsada, ya haramta algus. Daga nan malamai da dama, har da wasu na mazhabar Malikiyya, suka halatta wa shugaba ya sa baki idan 'yan kasuwa suka haɗa kai suka cuci jama'a.

Me ya kamata a yi a Samaru?

A ganina, a ƙyale farashin ɗaki, a kama sharuɗɗansa. Yarjejeniya a rubuce da rasit su zama dole. A yi wa dillalai rajista, a sa iyaka ga la'ada. Hukumar tsara birane ta KASUPDA ta duba wayoyi da masai da hanyar fita idan gobara ta tashi, kafin a zuba ɗalibai a gida. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma inda babu mai bibiya masu gidaje sun ci gaba da abinsu. Don haka a tanadi ofishi kusa da makaranta inda ɗalibi zai kai ƙara a saurare shi cikin mako, ba sai ya je kotu ba.

Sai babban aikin, wato ƙara yawan ɗakuna. Jami'a tana da fili mai faɗi. Ta bai wa masu jari su gina ɗakunan kwana bisa yarjejeniyar shekaru, da sharaɗin ware wani kaso mai rahusa ga marasa ƙarfi, sannan a sa motocin bas masu zirga-zirga a kan lokaci zuwa Kongo da Shika da Sabon Gari, yadda ɗalibi zai iya kama ɗaki nesa da bakin ƙofa ya kuma iso aji ƙarfe takwas.