Sanƙarau na naman gwari da sabon maganin da ake nema

Wata safiya wata baiwar Allah ta shigo ɗakin duba marasa lafiya riƙe da hannun maigidanta. Ya ja hula ya rufe idanunsa, don ko hasken taga ba ya so. Na ce, "Baba, tun yaushe kan yake ciwo?" Ita ta amsa: mako uku. Sun sha maganin zazzaɓin cizon sauro, sun sha na taifot, kwalin farasitamol biyu ya ƙare. Sai da ta matso kusa ta rage murya sannan ta faɗa mini yana da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ya ajiye maganinsa tun bara saboda ya ji sauƙi. Gwaji ya nuna sanƙarau ne, amma ba irin wanda muka saba gani lokacin zafi ba. Wannan naman gwari ne ke kawo shi, mai suna Kiriftokokus, kuma allurar rigakafin sanƙarau ba ta hana shi.

Mu dai naman gwari a fata muka san shi, makero a kan yara da kyasbi a wuya. Kiriftokokus kuwa a ƙasa yake zaune, da ruɓaɓɓen itace, da busasshen kashin tattabara. Shaƙarsa ake yi da ƙura. Mai garkuwar jiki lafiyayya zai shaƙa ya wuce abinsa, don haka kada kowa ya je ya rushe akurkinsa. Kuma majinyaci ba ya shafa wa mai jinyarsa. Wanda garkuwarsa ta faɗi ne cutar ke bi daga huhu ta hau ƙwaƙwalwa. Ƙiyasin da aka fitar a 2022 ya nuna tana kama masu cuta mai karya garkuwar jiki kusan 152,000 a shekara, tana kashe kusan 112,000, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin naman gwari huɗu mafiya haɗari.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin magani. Amfoterisin B, wanda muka fi dogara da shi, tun shekarun 1950 ake amfani da shi, ta jijiya ake ba da shi, kuma yana wahalar da ƙoda. Fulusaitosin ba ko'ina ake samunsa ba. Fulukonazol shi kaɗai ba ya isa. Dalilin ƙarancin kuwa, ginin ƙwayar naman gwari ya yi kama da na ƙwayoyin jikinmu, sai ya zama abin da zai kashe shi yakan taɓa mu.

Shi ya sa masu bincike ke neman abin da shi yake da shi mu ba mu da shi, kuma sun samo ɗaya. Ku ɗauka tela ya ɗinka riga, amma a tsakiyarta akwai wani ƙyalle baƙo da ya hana a sa ta. Sai ƙyallen ya yanke kansa, ya fita, ya haɗe bakin nan biyu, rigar ta zama riga. Haka wani yanki na furotin da ake kira intin yake yi, an fara gano shi a 1990 cikin yis ɗin burodi. Kiriftokokus yana da irinsa a cikin wani furotin mai suna Prp8, wanda ba zai rayu ba sai da shi. In aka hana ƙyallen fita, furotin ba zai yi aiki ba, naman gwarin ya daina hayayyafa. Mu ma muna da Prp8, amma namu babu ƙyalle a ciki. Ɗan Adam ba shi da intin ko ɗaya.

A jihar Niyok ta Amurka, ayarin Hongmin Li da Marlene Belfort sun ruwaito a 2019 cewa sisfilatin, wani maganin ciwon daji, yana hana wannan yanka da ɗinki, har ya kare ɓeraye daga cutar. A 2021 suka fitar da wasu sababbin sinadarai masu wannan aikin. Duk wannan a ɗakin gwaji yake da jikin ɓeraye. Babu ko ɗaya da ya zama maganin mutane tukuna, kuma sisfilatin dafi ne mai ƙarfi, kada wani ya neme shi don ciwon kai.

Kafin sababbin magungunan su iso, ga abin da ke hannunmu. Duk mai cuta mai karya garkuwar jiki da adadin CD4 ɗinsa, wato ƙwayoyin garkuwa na cikin jini, ya sauka ƙasa da 200, ko ya daɗe bai sha magani ba, ya tambaya a yi masa gwajin CrAg. Ɗigon jini ne, minti kaɗan, yana kama cutar Kiriftokokus kafin ta hau kai. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ga zazzaɓi ko amai ko ruɗewa, a kawo shi ran nan. Kuma don Allah, in likita ya ce zai ɗebi ruwa a baya, ku yarda. Wancan Baba sai da muka roƙi 'yan'uwansa rabin yini, ana cire ruwan kuwa ya ɗaga hular daga idonsa ya nemi koko.