Ilimi mai zurfi da burin ilimi ga kowa a jahar Maradi

Ilimi mai zurfi shi ne karatun da ake yi bayan jarrabawar bakaloriya, wadda ɗalibai suka fi sani da bak, a jami'o'i da manyan makarantun koyon aiki. Shi kuwa burin ilimi ga kowa, wanda ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Jomtien a 1990, suka jaddada shi a Dakar a 2000, sannan ya zama muradi na 4 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da aka yanka wa wa'adin 2030, ya fi mayar da hankali ga lakwal ta firamare. Mahaɗar biyun ita ce malami, domin ko an gina azuzuwa an cika su da yara, ba za a ce an ba su ilimi ba sai an samu wanda ya iya koyarwa.

A Nijar, makarantun horar da malamai da ake kira ENI, ciki har da ta Maradi, su ne ke yaye malaman firamare. Amma masu horar da su, da sufetoci, da masu ba da shawara kan dabarun koyarwa, da malaman kwaleji da lise, yawancinsu daga jami'a suke fitowa, musamman daga babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Da hukuma ta himmatu wajen yawaita makarantu tun farkon shekarun 2000, yawan yara ya zarce na ƙwararrun malamai, sai aka dogara ga malaman kwantiragi, da yawansu kuma ba su samu cikakken horo ba. Jarrabawar tantancewa da aka yi musu a 2017 ta fito da girman wannan giɓi fili.

Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ta daɗe tana ita kaɗai ce jami'ar gwamnati, ga shi kuma tana da nisan fiye da kilomita 600 daga Maradi. A 2010 aka kafa jami'o'in Maradi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Maradi tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya kuma tsohon ministan ilimi, tana kuma koyar da kimiyya da fasaha, da aikin gona da muhalli, da kiwon lafiya. Kusantowar jami'a ta fi yi wa 'ya'ya mata amfani, saboda uban da zai yi jinkirin tura 'yarsa Yamai ya fi saurin yarda idan daga gida za ta riƙa zuwa. Mace mai digiri da ke tsaye gaban allo a Tasawa ko Dakoro ta fi kowane irin gangamin wayar da kai shawo kan iyaye.

Akwai kuma batun harshe. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tsara kalmomin lissafi da kimiyya, da rubuta littattafan aji, da horar da malaman da za su koyar da su, duk aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe da masu binciken jami'a.