Shin Da Gaske Dubai Na Biyan Kuɗi Ga Wanda Ya Saka Sola a Rufinsa?

Ana ta yaɗa cewa a Dubai, da ka saka allunan sola a rufin gida sai gwamnati ta riƙa turo maka kuɗi duk wata. Ba haka tsarin yake ba.

Sunan shirin Shams Dubai. Hukumar wuta da ruwa ta birnin, DEWA, ce ta fara shi a 2015, bisa ƙudurin Majalisar Zartarwa mai lamba 46 na 2014. Ya shafi masu gidaje, kamfanoni da masana'antu.

Inda ake ruɗewa shi ne batun rarar wuta. Idan allunanka suka samar da fiye da abin da gidan ke ci, rarar na komawa layin hukuma, mita mai ƙirga shiga da fita ta rubuta. Sai a cire ta daga wutar da ka sha. In ta yi saura, a tura ta wata mai zuwa. Ko dirhami ɗaya ba ya shiga hannunka.

Amfanin wannan yana ga yanayin ƙasar. Lokacin sanyi na'urar sanyaya ɗaki na hutawa, rara ta taru. Lokacin zafi, da na'urar ke aiki dare da rana, sai a cinye ta. Don haka ana auna girman sola da wutar da gidan ke ci a shekara guda. Wanda ya cika rufinsa fiye da buƙata ya zuba kuɗi ne a rarar da ba zai taɓa cinyewa ba. A lissafin kuma a tuna cewa ƙura da tsananin zafi na rage ƙarfin alluna, dole a riƙa wanke su.

Ba a kiran kowane mai gyaran wuta. Sai ɗan kwangilar da DEWA ta yi wa rajista, da inbata daga jerin kayan da ta amince da su, sannan jami'anta su duba aikin kafin a haɗa shi da layi. Kuma in aka ɗauke wuta, inbata ma na kashe kanta, don kada wutarka ta kama ma'aikacin da ke gyara a waje.

Ɗan haya a bene, wanda shi ne mafi yawa a Dubai, ba shi da rufin kansa. Tsarin ya fi yi wa mai gida ko mai masana'anta rana.