Robar da ke tare iskar oksijin a ƙunshin abinci

Robar da ke tare oksijin rukuni ne na robobi da ake haɗawa musamman domin su rage shigar iska cikin abincin da aka ƙunshe. Ana samun ta a ledar madarar gari, da ledar naman da aka zuƙe wa iska, da gorar lemo, da kofin abincin jarirai, da bututun markaɗaɗɗen tumatir. Sau da yawa mai saye ba ya ganinta, domin falle ce siririya da ake ɓoyewa a tsakanin wasu robobin. Amma ita ce ke sa abincin da zai lalace cikin 'yan kwanaki ya yi watanni a kanti bai canza ba.

Abin da oksijin ke yi wa abinci

Oksijin ya kai kusan kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, kuma duk inda ya haɗu da maiƙo sai ya fara aiki a kansa. Shi ne ke sa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi su juya ɗanɗano, su soma wani wari idan sun daɗe a buɗe. Yana cinye sinadarin bitamin C a ruwan lemo, yana dusar da jan tumatir, yana kashe ƙamshin gahawa da kayan yaji. Fumfuna da ƙwayoyin cuta da yawa ba sa yaɗuwa sai da shi, haka ma ƙwarin da ke cin hatsi. Gwangwani da kwalbar gilashi sun daɗe da magance wannan matsala, don iska ba ta ratsa ƙarfe ko gilashi. Da roba ta zo da araha da rashin nauyi, sai aka tarar tana da wani rauni da ido ba ya gani.

Yadda iska ke ratsa roba

Ko da leda ba ta da huji ko ɗaya, iska na wucewa ta jikinta. Ƙwayar oksijin tana narkewa a fuskar robar, ta riƙa kurɗawa ta 'yan sararin da ke tsakanin dogayen sarƙoƙin sinadaran da suka haɗa robar, har ta ɓulla ta ɗaya ɓangaren. Masanin kimiyya ɗan Sikotilan Thomas Graham ya bayyana wannan tun a 1866, lokacin da yake gwaji da robar itace. Gwargwadon yadda sarƙoƙin suka matsu da juna, gwargwadon wahalar da iska za ta sha kafin ta wuce.

Ana auna wannan da yawan mililitar oksijin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya na leda a cikin awa 24, galibi a zafin digiri 23. Ƙa'idar gwajin da aka fi bi ita ce ASTM D3985. Idan aka ɗauki leda mai kaurin maikiron 25 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), bambancin da ke tsakanin robobi yana da ban mamaki. Polietilin, wato robar ledar cefane da ta fiya-wata, tana barin dubban mililita su wuce a rana. Robar PET ta gorar lemo tana barin gomomi. Mafi kyawun EVOH kuwa, wata roba da ake yi musamman don tare oksijin, idan tana bushe, ba ta barin ko mililita ɗaya. Polietilin gwana ce wajen tare ruwa da laima, shi ya sa ta dace da ƙunsa ruwan sha, amma wanda ya zuba soyayyen abinci a cikinta ya ɗaure bai raba shi da iska ba.

Zafi yana ƙara saurin wucewar iska a kowace roba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasashe masu zafi, domin alƙaluman da aka samu a ɗakin gwaji mai sanyi ba su ne halin da kaya ke shiga ba a shagon kwano a watan Afrilu.

Saran, ta farko a fagen

Robar farko da ta yi suna a wannan aiki ita ce PVDC, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Saran. A 1933 ne Ralph Wiley, wani ma'aikacin ɗakin gwaji a kamfanin Dow Chemical na Amurka, ya ci karo da ita yana wanke kwalabe, da ya ga wani abu ya manne a jikin wata kwalba ya ƙi fita. A Yaƙin Duniya na Biyu an fesa ta a jikin jiragen yaƙi don kare su daga gishirin teku. Daga baya aka mayar da ita ledar naɗe abinci, ta shiga gidaje a 1953.

Falalar PVDC ita ce tana tare oksijin da laima a lokaci guda, kuma jiƙewa ba ta rage mata ƙarfi. Masana'antar nama ta dogara da ita shekaru da dama. Aibinta shi ne sinadarin kulorin da ke jikinta, wanda idan an ƙona ta yake fitar da hayaƙi mai guba, kuma yana ɓata sauran robobi idan an narka su tare. A 2004 kamfanin SC Johnson, wanda ya mallaki sunan Saran a lokacin, ya daina yin ledar gida da PVDC ya koma polietilin, duk da cewa sabuwar ba ta kai tsohuwar tare iska ba.

EVOH

A yau idan ana maganar roba mai tare oksijin, EVOH ake fara ambata. Kamfanin Kuraray na Japan ne ya fara sayar da ita a 1972 da sunan EVAL. Wani kamfanin na Japan, Nippon Gohsei, wanda yanzu ya shige cikin Mitsubishi Chemical, yana yin tasa da sunan Soarnol. Kamfanoni ƙalilan ne ke yin ta a duniya baki ɗaya, kuma tana da tsada sosai in an gwada da polietilin.

Sinadarai biyu ne aka gwama a jikinta. Ɗaya shi ne ke sa sarƙoƙin su riƙe juna gam har iska ta rasa hanya, sai dai shi kaɗai yana narkewa a ruwa kuma ba ya sarrafuwa a inji. Ɗayan shi ne etilin, wanda ke ba ta laushi da juriyar zafin inji. Masu yin ta suna sayar da ita aji-aji bisa yawan etilin, kuma masu kashi 32 da kashi 44 suna cikin waɗanda aka fi amfani da su. Ƙarancin etilin yana ƙara ƙarfin tare iska, amma yana sa robar wuyar aiki.

Babban rauninta shi ne laima. Wurin da sarƙoƙin ke riƙe juna, nan ne ruwa ke son maƙalewa. Da ruwa ya shiga tsakaninsu sai su saki, hanya ta buɗe wa oksijin. Abin ya fi fitowa fili a abincin da ake dafawa cikin mazubinsa da tururi mai zafin digiri 121 don kashe ƙwayoyin cuta: bayan an fito da shi, EVOH takan yi rauni na wani lokaci har sai ta bushe. Saboda haka ba a taɓa barin ta ita kaɗai.

Falle bisa falle

Da za a yanka ledar naman kanti a duba bakinta da madubin ƙara girma, za a ga ba abu ɗaya ba ce. Hawa biyar ne, ko bakwai, ko tara, wani lokaci fiye. A ciki akwai polietilin, mai taɓa abinci, mai narkewa ta manne idan ƙarfen liƙi ya danna ta. Sai gam na musamman, domin EVOH da polietilin ba sa kama juna da kansu. Sai EVOH ɗin a tsakiya, kaurinta sau da yawa bai wuce 'yan maikiron ba, alhali silin gashin mutum yana kai wajen maikiron 70. Sai wani gam ɗin, sannan nailan ko PET a waje, mai jure ƙarzuwa da sukar ƙashi, mai karɓar rubutu da zane. Inji yana narka robobin kowace a bututunta, ya haɗa su a baki ɗaya su fito a matsayin leda guda. Kowace falle tana rufa wa 'yar'uwarta asiri: polietilin na kare EVOH daga laima, EVOH na kare abinci daga iskar da polietilin ba ta iya tarewa.

Wannan dabara ce ta ba kamfanin Heinz damar fitar da tumatirinsa na ketchup a gorar roba mai matsuwa a 1983, bayan ya shafe shekaru sama da ɗari yana zuba shi a gilashi. Jikin gorar wata roba ce mai suna polifurofilin, da EVOH a tsakiya. Ga gorar PET kuma, wadda Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya sami haƙƙin mallakar ƙirarta a 1973, akan saka mata wani nau'in nailan mai suna MXD6 na kamfanin Mitsubishi Gas Chemical idan abin sha ne mai saurin lalacewa.

Akwai wata hanyar, kuma ita ce mai saye ya fi gani. Cikin ledar madarar gari ko ta biskit yakan yi ƙyalli kamar azurfa. Alminiyom ne aka narka har ya zama tururi a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ya sauka a kan ledar. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba, amma yana rage shigar oksijin sosai, yana kuma tare haske. Illarsa ita ce idan ledar ta cukwikwiye ko ta ƙarzu, rufin yana tsatstsagewa. Inda ake son mai saye ya ga abin da ke ciki, akan yi rufin da sinadarin gilashi maimakon ƙarfe. Kwalin madara da na lemo irin na Tetra Pak, wanda ya fara fitar da kwalinsa mai siffar bulo na ajiye abin sha ba firji a 1969, yana ɗauke da fallen alminiyom na gaske mai kaurin maikiron shida ko sama kaɗan, tsakanin takarda da polietilin.

Tare iskar waje ba ya isa idan an rufe kaya da iska a ciki. Don haka ake zuƙe iskar, ko a kore ta da naitirojin, kamar yadda ake yi wa ledar soyayyen dankali mai kumburi. Wasu kuma sukan jefa 'yar jaka mai garin ƙarfe, wanda ke shanye ragowar oksijin ta hanyar yin tsatsa. Mitsubishi Gas Chemical ne ya fito da irinta a 1977 da sunan Ageless.

Inda rufewar ke zama illa

Ba kowane abinci ne ke son a raba shi da iska ba. Ganye da tumatir da 'ya'yan itace suna numfashi ko bayan an tsinke su, kuma idan aka kulle su a ledar da ba ta barin iska sai su yi tsami su ruɓe. Ɗanyen naman sa da aka zuƙe wa iska yakan koma launin shunayya mai duhu, sai an buɗe shi ya sha iska jansa ke dawowa, abin da ke sa wasu masu saye su zaci ya lalace. Mafi haɗari shi ne ƙwayar cutar Clostridium botulinum, wadda take bunƙasa ne a inda babu oksijin, kuma gubarta na kisa. Kifi ko nama mai danshi da aka liƙe a irin wannan leda ba tare da sanyi ko gishiri ko dafuwa mai ƙarfi ba yana iya zama ajalin mai ci, kuma ba lalle ya yi wari ba. Ya kamata duk mai ƙaramar sana'a da ya sayi injin zuƙe iska ya san wannan kafin ya fara aiki.

Buhun wake

A ƙasar Hausa, inda hikimar tare oksijin ta fi taɓa rayuwar talaka shi ne ajiyar wake. Buhun PICS, wato buhun ajiyar wake mai tare iska, ya samo asali ne daga binciken da Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya yi tare da masana a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya da Nijar, kuma kamfanin Lela Agro na Kano yana cikin masu yin sa. Leda biyu ne na polietilin mai tauri, kowace kaurin maikiron 80, a cikin buhun saƙa. Manomi zai zuba busasshen wake, ya matse iska, ya murɗe bakin ledar ciki ya lanƙwasa ya ɗaure, ya yi wa ta biyu haka, sannan ya ɗaure buhun. Ƙwarin da ke ciki su ne ke cinye oksijin da numfashinsu, har su daina ci su mutu.

Abin lura shi ne babu EVOH a wannan buhu. Polietilin ce kawai, amma kaurinta da ninkinta sun isa su sa iskar da ke shiga ta kasa wadda ƙwarin ke buƙata. Ya raba iyalai da yawa da zuba wa wake maganin ƙwari mai guba, kuma wannan alheri ne babba. Huji ɗaya na ɓera ko tsinke yana rushe aikin, haka ma ɗaurin da bai matsu ba.

Bayan an gama amfani

Abin da ya ba wa waɗannan ledoji ƙarfi shi ne ya hana a sake sarrafa su. Robobi huɗu ko biyar da aka manne ba sa rabuwa, kuma ba sa narkewa a zafi ɗaya. Ƙa'idojin masana'antu a Turai suna neman kada EVOH ta wuce kimanin kashi biyar cikin ɗari na nauyin ledar, domin a iya narka ta tare da polietilin. Dokar Tarayyar Turai kan kayan ƙunshi, wadda ta fara aiki a farkon 2025, ta ce daga 2030 duk abin ƙunshin da za a sayar a can sai ya zama mai sake sarrafuwa. Wannan ya tura kamfanoni neman leda mai roba iri ɗaya da siririn rufi. A 2023 Tetra Pak da kamfanin madara na Lactogal a Fotugal sun fitar da kwalin madara da aka maye alminiyom ɗinsa da shingen takarda.

A garuruwanmu kuwa, 'yan jari-bola suna tsintar gorar PET domin akwai masu saye a kilo. Ƙananan ledojin madara da na tumatir da na omo masu ƙyalli a ciki ba su da mai saye, don haka su ne ke taruwa a kwatoci su toshe hanyar ruwa da damina, ko a tara su a bola a cinna musu wuta.